Ofishin da Ya Ƙi Rubuta Mana Takardar Neman Tallafi Sai da Muka Gyara Gida

Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban unguwa da ke bayan ganuwar birnin Kano, kuma shekara da shekaru da abin da membobi suka ciro daga aljihunsu muke aiki: yashe magudanan ruwa kafin damina, sayen alli da tabarmi, da kai mara lafiya asibiti idan danginsa sun kasa. Da iska ta yaye rufin ajujuwa uku na makarantar firamaren unguwar, kuma muka lura 'yan mata da suka fara girma suna janye jiki daga karatu saboda babu makewayi, sai muka tabbatar karo-karo ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Wannan ne ya kai mu wani ƙaramin ofishi da sana'arsa ita ce nemo wa ƙungiyoyi masu zaman kansu hanyoyin samun tallafi da rubuta musu takardun nema. Mun yi wata tara muna hulɗa da shi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin zan faɗi alherinsa kuma zan faɗi inda ya gaza, kuma irinsa sun yawaita a Kano da Kaduna da Maiduguri, ta yadda abin da zai fi amfanar mai karatu shi ne ya samu ma'aunin da zai auna wanda ke kusa da shi.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene, da ma'aikata uku ƙarƙashin wata Hajiya da ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin agaji kafin ta buɗe nata. Ranar farko na je da shugabanmu da ma'aji, muna ɗauke da hotunan ajujuwan, muna zaton a nan take za a fara rubutu. Ta duba hotunan da natsuwa, ta ajiye su gefe, sannan ta ce, "Malam, hotunan sun isa shaida, amma ba su za a fara tambayarku ba. Ina littafin kuɗinku?" Ma'aji ya miƙa mata littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda a cikinsa yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ta bi shafukan da yatsa, ta yaba da yadda bai tsallake ko wata ɗaya ba, sannan ta tambaya ko ina rasit ɗin sayayyar da aka lissafa, kuma da sunan wa aka buɗe asusun banki. Rasit kaɗan ne suka rage a hannunmu, asusun kuwa da sunan ma'aji yake. Ta ce, "Alhaji, ban yi shakkar amanarka ba, amma mai bayar da tallafi bai san ka ba, takarda kawai ya sani. Ba zan karɓi kuɗinku na rubutu yanzu ba, domin in na rubuta a wannan hali, asara za ku yi."

Wata biyu na farko a gyaran gida suka tafi, kuma a nan ne na ga ainihin darajar ofishin. Muna da takardar rajista ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai amintattu, amma ba mu san cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa irin wannan ƙungiya miƙa bayanin shekara-shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba ba, saboda haka bashin shekaru ya taru a kanmu. Su ne suka zauna da mu har aka cike giɓin, suka nuna mana hanyar samun lambar haraji ta ƙungiya da takardar SCUML, wato sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe asusu da sunan ƙungiya. Suka sa muka mayar da masu sa hannu a asusun su zama uku, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa hannu, suka kuma haɗa mu da mai binciken kuɗi da ya tsara mana lissafin shekara biyu. Wasu membobinmu sun yi gunaguni cewa an zo neman kuɗi an ɓige da kashewa, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma waɗannan takardu yanzu mallakarmu ne, ko mun koma ofishin ko ba mu koma ba.

Abu na biyu da ya sa na amince da su shi ne yadda suke karɓar ladan aikinsu. Kafin mu san su, wani mutum ya taɓa zuwa mana da alkawarin zai samo mana tallafi daga Turai idan muka yarda ya cire kamashonsa daga ciki, ya karɓi kuɗin da ya kira na fom, daga nan wayarsa ta daina shiga. Hajiya kuwa kuɗin aiki tsayayye ta yanka, aka rubuta a takardar yarjejeniya, rabi a farko rabi bayan an miƙa takardar nema, ko a samu ko a rasa. Ta bayyana mana cewa kuɗin tallafi an riga an ƙayyade wa kowace naira wurin da za ta, don haka duk wanda ya ce zai ciri kaso daga ciki yana kiranka ne ka rubuta rasit na ƙarya, kuma ƙungiyar ƙwararrun masu tara kuɗin agaji ta Amurka ma ta hana membobinta karɓar lada bisa kaso. Ta kuma gargaɗe mu cewa rajistar da gwamnatin Amurka ke buƙata daga masu neman tallafinta a shafin SAM.gov, inda ake samun lambar shaidar ƙungiya ta UEI da ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a watan Afrilun 2022, kyauta ce, saboda haka duk wanda ya nemi mu biya don ya sayo mana lambar mu san abin da yake nufi.

Zaɓen wanda za a tunkara shi ne wurin da iliminsu ya fi fitowa. Ba su ɓoye mana cewa lokaci ya canza ba. A ranar 20 ga Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90, a watan Maris sakataren harkokin wajen ƙasar Marco Rubio ya sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, kuma a farkon Yuli hukumar, wadda aka kafa tun 1961, ta daina gudanar da agaji, aka mayar da abin da ya rage ma'aikatar harkokin waje. Birtaniya ma, da ta rage kason agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigar ƙasa a 2021, ta sanar a watan Fabrairun 2025 cewa za ta sauko da shi zuwa 0.3 nan da 2027. Gidauniyar MacArthur, wadda ta buɗe ofis a Najeriya a 1994 kuma ta taɓa tallafa wa Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sosai, ta kammala babban shirinta na yaƙi da cin hanci a Najeriya a 2024. Ma'anar wannan duka ga ƙaramar ƙungiya irin tamu ita ce manyan ƙungiyoyin da a da ba sa kallon ƙananan tallafi yanzu sun sauko suna gogayya da mu a kansu.

Sai suka zana mana jadawali a takarda ɗaya, kowane mai bayarwa da abin da yake biya da abin da ba ya biya. Suka nuna mana shirin ofishin jakadancin Japan na ƙananan ayyukan raya al'umma, wanda ya faro a 1989 kuma ya fi karkata ga gini da kayan aiki, kamar ajujuwa da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse, amma ba ya ɗaukar albashi da kuɗin gudanar da ofis. Suka kawo Gidauniyar TY Danjuma da aka kafa a 2009, mai tallafa wa ƙungiyoyin cikin gida a fannin lafiya da ilimi, da Gidauniyar ACT ta Legas. Suka kuma ambaci shirin ƙananan tallafi na asusun kare muhalli na duniya da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa, wanda shekaru da yawa iyakar abin da yake bayarwa dala 50,000 ce, amma suka ce mu bar shi, domin na muhalli ne, kuma lanƙwasa aikin makaranta don ya yi kama da na dashen itatuwa yaudara ce da masu tantancewa ke ganewa tun a shafin farko. Wannan shawara ta a bar ƙofar da ba taka ba ta rage mana wahalar da ba ta da amfani.

A wurin kasafin kuɗi ma sun yi aiki mai kyau. Sun tura mu mu karɓo rubutaccen farashi daga 'yan kasuwa uku a kan kowane abu, daga buhun siminti zuwa bandir ɗin kwano da katako da ƙusa, kuma suka dage a rubuta ranar da aka ɗauki farashin. Dalilinsu shi ne tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kasafin da aka rubuta yau kan iya zama bai isa ba kafin a amince da shi. Sun kuma sa muka lissafa gudummawar unguwa, wato yashi da ɗiban ruwa da aikin ƙarfi na matasa, muka samo wasiƙun amincewa daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da kwamitin kula da makarantar da mai unguwa.

Inda suka gaza kuwa ba ƙaramin wuri ba ne, kuma har yanzu yana damuna. Daftarin farko da wani matashin ma'aikacinsu ya kawo, a shafi na huɗu na tarar da sunan wata ƙaramar hukuma da ba tamu ba, alamar an ɗauko tsohuwar takardar wata ƙungiya ne aka sauya mata riga. Hajiya ta ba da haƙuri, ta karɓi aikin da kanta ta sake shi, amma da ban karanta layi bayan layi ba da haka za a tura, kuma ƙungiyoyi da yawa da ke zuwa wurinsu ba su da mai iya wannan karatu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne harshe. An rubuta takardar da Turanci mai cike da kalmomin masu agaji, ba a yi mana fassararta da Hausa ba, alhali amintattunmu biyar ne kuma biyu kaɗai ke karanta Turanci. Ranar da wakilan wata gidauniya suka zo ganin makarantar, ɗaya daga cikinsu ta tambayi shugabar mata ta ƙungiyarmu yadda za mu auna ko 'yan mata sun dawo aji. Amsar tana cikin takardar, an rubuta cewa za a riƙa duba rajistar kiran suna kowane zango, amma ba wanda ya taɓa karanta mata. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita ta san gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ba ta gani da safe ba za ta bi ta gida. Amsarta ta fi ta takardar ƙarfi, kuma da an zauna da ita tun farko da a ciki za a same ta. Ofishin da ke aiki a Kano bai kamata ya bar masu aiki su zama baƙi a cikin takardar da aka rubuta da sunansu ba.

Haka nan idonsu ya fi tsayawa a kan ofisoshin jakadanci da manyan gidauniyoyi. A duk zamanmu da su ba su taɓa kawo maganar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano ba, ko 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da suka tashi a unguwanni irin tamu, ko tsofaffin ɗaliban makarantar, alhali rubutaccen kasafi mai tsafta zai yi tasiri a wurin waɗannan kamar yadda yake yi a wurin Bature. Kuɗin aikinsu ma, duk da cewa an faɗe shi a fili, ya yi wa ƙungiyar ƙauye nauyi, kuma ba su da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi.

Mun miƙa takarda a wurare biyu. Ɗaya ya amsa da cewa ba mu shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba, ɗayan kuma, wata gidauniya ta cikin gida, ta amince da makewayi huɗu da rufin aji biyu, ta bar na ukun. Da kuɗin suka shigo ne muka gane yarjejeniyarmu da ofishin ta ƙare ne a ranar miƙa takarda, rubuta rahoton wata uku-uku da haɗa rasit aiki ne dabam mai kuɗinsa dabam. An rubuta haka a yarjejeniyar, amma ya kamata a jaddada mana da baki, domin a rahoto ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe.

Duk ƙungiyar da ke da rajista da aikin da za ta iya nunawa a ƙasa, ina ba ta shawarar ta nemi ofis mai irin wannan tsari, ta gindaya sharuɗɗa uku kafin ta biya: a karanta wa amintattu kowane shafi da Hausa, a sa rahoton farko a cikin farashi, kuma a miƙa mata dukkan takardu da kalmomin sirri na shafukan da aka yi mata rajista. Mu ma za mu koma wurin Hajiya a kan rufin aji na uku, kuma shugabar mata ce za ta fara magana a zaman, da Hausa, kafin kowa ya taɓa kwamfuta.