Kayan da na sa wa Land Cruiser saboda hanyar daji: wanda ya biya kuɗinsa da wanda bai biya ba

In kuɗinka kaɗan ne kuma hanyarka rairayi ce, ka fara da kompiresa ta buga wa taya iska da abin awon iska da filtar da ke raba ruwa da gazuwal, ɗaga mota ya biyo baya, tirai kuwa, wato injin igiyar nan na gaban mota da ke janyo ta in ta kafe, ko kallonsa kar ka yi. Wannan shi ne ra'ayina bayan motar ta ci damina ta ci rani da kayan a jikinta.

Motar pikap ce HZJ79 ta kafin 2007, inji 1HZ, dizal silinda 6 lita 4.2 ba turbo, wajen doki 130, injin da ake yi tun 1990 kuma ba shi da kwamfuta ko ɗaya, shi ya sa duk makanikin da ke Damagaram ya san cikinsa. Aikina kai kaya kasuwannin daji, wani zubin haya ga ƴan poroje, mafi yawa Gure, Kelle har Tasker, wani lokaci Tanut da Belbeji. Wanda bai taɓa sakin kwalta a Gure ya miƙa arewa ba zai ga kamar muna zuzuta abin ne, to ba komai, ranar da ya je zai ba da labari da bakinsa.

Bari in fara da wanda ya fi cin kuɗi, wato sifansiyo, kayan da ke ɗauke da jikin mota a kan tayoyi. Cikakken saiti na sa, risor biyu (ƙarfe mai naɗi) a gaba, lam (ganyayen ƙarfe da aka jera) a baya, amortisa huɗu masu hana lilo da na sitiyari, ƙirar Ostareliya da aka kawo ta Dubai, kuɗin ya haura miliyan na sefa kafin ladan aiki. Ita 79 tun fitowarta a 1999 risor ne a gabanta lam a baya, ba kamar 75 ba da take lam gaba da baya, don haka masu 75 kar ku ɗauki maganata duka ku ɗora wa taku. Motar ta tashi kamar santimita 5. Su lam ɗin nan ana sayar da su ne gwargwadon nauyin da motar ke ɗauke da shi kullum, akwai na mota wayam akwai na mai kaya, ni mai ƙarfin na ɗauka tunda ba na fita sai da tano biyu, taya biyu na ajiya, buhuna da mutane a kai.

Da kaya a kai wallahi ba ni da ta cewa. Da can in na loda gindin motar zaunawa yake fitilu su kalli sama, in ka faɗa rami ka ji ƙarfe ya doki ƙarfe, yanzu tana tsaye daram, kuma a kan gargada mai tsawo inda tsofaffin amortisa suke zafi su saki motar ta dinga lilo, waɗannan suna riƙewa har ka isa, ka sa hannu ka ji su da zafi amma aikinsu suke. Amma fa in ka sauke kaya ka juyo wayam, to ƙugunka ne zai biya, bayan motar tsalle yake kawai, wanda ke zaune a baya sai ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, maiɗakina ma ta ce ita da motar nan sai dai in da buhuna a ciki. Wannan ba laifin kayan ba ne, haka lam mai ƙarfi yake, amma mai sayarwa ba zai gaya maka ba, don haka wanda motarsa ta zuwa gona ce da yawon cikin gari ya ɗauki mai laushi.

Ga abin da samari masu son mota ta yi tsayi ba sa so su ji: ɗaga sifansiyo ba ya ɗaga pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu mai ƙullutu a tsakiya. Jikin motar ne ke tashi, shi pon yana nan inda yake, tsawon taya kawai ke nisanta shi da ƙasa. A hanyoyinmu kuma abin da ke kafe mutum shi ne sawun manyan kamyo, sun haƙa rami biyu masu zurfi sun bar tudu a tsakiya, ka shiga pon ya hau tudun tayoyi su dinga juyawa a banza, ko ka ɗaga ta santimita 10 haka za ta zauna, sai ma ka ƙara mata saurin kifewa a gefen tudu da cin kurwaziyon kardan, wato gaɓoɓin sandar da ke kai wa pon ƙarfin inji. Abin da saitin ya ba ni shi ne ɗaukar kaya da riƙe hanya, ba hana kafewa ba.

Wanda ya ɗaura min wani dattijo ne a nan cikin gari, ba zan faɗi sunansa ba, kuma gaskiya aikinsa ya gamsar da ni. Kafin ya taɓa kile sai da ya tambaye ni me nake ɗauka, ya sa na kawo motar da kayanta ya auna tsayinta ta ko'ina ya rubuta da alli a jikin bango. Bai ɗaure kusoshin bushi ba sai da ya sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, ya ce in aka ɗaure su tana rataye robar murɗewa take ta yage. Sannan ya gyara sandar nan ta baya da ke raba ƙarfin birki gwargwadon kaya, wadda in an ɗaga mota ba a taɓa ta ba sai ta ɗauka motar wayam take ta rage wa baya birki alhali kana ɗauke da tan guda, yawancin gareji ko kallonta ba sa yi. Da na fita gwaji na ji sitiyari yana yawo kan kwalta ba ya komawa tsakiya da kansa, na dawo na ce Baba motar nan fa tana neman hanyarta ita kaɗai, ya yi dariya ya ce ɗana ai na sani, ɗagawar ce ta juya pon na gaba kaɗan, bushin da ke gyara shi ne bai iso ba, ka dawo jibi. Da aka sa su ta miƙe. Ya kuma ce bayan kilomita 500 in dawo a ƙara ɗaure ƙarafan da ke riƙe lam da pon, na dawo kuwa kowane sai da ya ƙara shiga.

Inda na rage masa maki shi ne lokaci, jibinsa ba jibi ba ce, ga ɗauke wuta ga motocin manya da ake tsallake taka a yi tasu, sannan yaransa suna zube kusoshi da rulma a kan ƙasa, ni kuma ba abin da na tsana irin in ga rairayi a jikin giris, don in suka haɗu dutsen niƙa ne ka sa wa motarka da hannunka. Na sayi tabarma na kai musu, aka yi ta dariya, amma an yi amfani da ita.

Taya. Motar ta zo da 7.50R16 a kan janti mai zobe da shambur, wato robar iska, a ciki. Na koma 235/85R16 maras shambur, tsayinsu kusan ɗaya kuma ita ma siririya ce. Da yawa sun ce in sa mai faɗi irin 285 don kyau, na ƙi, 1HZ ba shi da ƙarfin zubarwa, taya mai faɗi tura rairayi take a gabanta ta ci ƙarfi ta ci gazuwal, ita kuwa doguwa siririya in ka rage mata iska tsawo take kwantawa, wannan kwanciyar ce ke ɗauke da kai. Ribar maras shambur ita ce ƙayar aduwa in ta shige ta, iska a hankali take fita, ka zare ka cusa igiyar faci ka buga ka wuce ko cire tayar ba ka yi ba. Da shambur kuwa in ka yi tafiya da ƙaramar iska zafi yake ya goge ya fashe. Sai dai zan yi wa janti mai zobe adalci, a tsakiyar daji mutum biyu da ƙarfe biyu za su buɗe shi su yi faci, maras shambur in kututture ya yaga gefenta shi ke nan ta tafi, shi ya sa har yanzu shambur biyu na nan bayan kujera. Masu zobe kuma don Allah in ana bugawa a juya zoben ƙasa a ja baya, ya kashe mutane.

To duk wannan aikin banza ne in ba kompiresa, kuma ita ce ta fi komai biyan kuɗinta. Dalilin da ya sa direbobinmu ba sa son rage iska shi ne ba su da abin mayarwa, sai mutum ya shiga rairayi da iska kilo 4 a taya yana ta kurabo, wato sa tayoyi huɗu su ja, yana ƙona ambiriyaj. Ni a kan kwalta da kaya gaba 2.5 baya wajen 4, in na shiga rairayi gaba 1.5 baya 1.8, in ta fara nutsewa in sauko kusa da 1, in kulle hob na gaba don tayoyin gaba su ja, in sa L4, wato ƙaramar giyar ƙarfi, giya ta biyu, sai ka ga ta taso a hankali ba hayaniya ba turawa. Ƙasa da kilo 1 kar ka karya kwana da ƙarfi tayar za ta sauka daga janti, kuma da ƙaramar iska ba a gudu, da ka taka ƙasa mai tauri tsaya ka mayar. Ka sayi mai silinda biyu da ake maƙalawa kai tsaye a batir, inji na aiki, kar ka sayi ƴar ƙaramar nan ta ramin kunna taba, yaron motata ya taɓa kawo irinta daga kasuwa, taya ta biyu tiyonta ya narke. Tawa tana zafi sosai a watan Afrilu da Mayu sai an ba ta hutu tsakanin taya da taya, iyakar aibinta ke nan.

Sai gazuwal. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut mu nan ba mu da nisa da mai, na gidan mai ba ni da ƙorafi a kansa, matsalar tana cikin tano da bido na daji, wanda ya kwana a buɗe, wanda aka zuba da mazurari mai ƙura, wanda ba ka san me aka taɓa zubawa a ciki ba. Pampon 1HZ da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi, ruwa ya shiga to ka shirya kuɗi masu yawa. Na sa filta ta ƙari mai kofin gilashi a ƙasa kafin ta kamfani. Da safe kafin in ta da inji sai in leƙa, gazuwal a sama garau, can ƙasa wani layi na ruwa ja-ja da ɗan laka kamar yatsa guda, in murɗa ƴar kusar ƙasan ya tsiyaye a murfin gwangwani in rufe. Duk wanda na nuna wa kofin nan sau ɗaya ba ya ƙara tambayata amfaninta.

Bututun iska na sama shi ma ya yi, mu ba don ruwa muke sa shi ba don ƙura ne, musamman in kana bin bayan wata mota lokacin hunturu, ka sa masa kai mai juya iska mai kwano, kana ganin ƙurar da ya tare ka zubar.

Zafin inji kuma ƙarangiya ce babbar maƙiyiya, bayan damina ciyawa ta bushe kana ratsa ta tana cika radiyata ba ka sani ba. Ragar ƙarfe mai ƙananan ido a gaba ta magance rabin abin, kuɗinta ko na cefane bai kai ba, ana cirewa a kakkaɓe, radiyatar kuma a wanke ta daga baya zuwa gaba. Na ƙara agogon zafi na daban don allurar kamfani tana daɗewa a tsakiya kafin ta motsa. Ruwan rijiyoyin wajen Gure akwai kanwa, kar a zuba shi sai in ba yadda za a yi, in an zuba a juye da an dawo gari. Masu cewa in sa turbo na gode, injin nan ba don shi aka yi pistan ɗinsa ba, da zafinmu da kayanmu kilas, wato kan inji, kawai za ka tsaga.

Tirai da ƙaton parashok na ƙarfe da su na sayi motar, na cire na sayar. Ina za ka ɗaura igiyar, jikin tumfafiya? Sai dai ka haƙa rami ka binne tayar ajiya, kafin ka gama wannan haƙar ai da shebur da faranti biyu na ƙarfe da ake sa wa ƙarƙashin taya ka fita tuni. Nauyi ne kawai a kan hancin mota, da na cire gaban ya daina nutsewa a gangaren tudu. Wanda ke bin laka da kwazazzabai wajen Magarya da damina inda akwai itatuwa wataƙila ya amfane shi, ni dai shebur biyu, faranti, igiya mai ƙarfi da kirik da katakon da zai zauna a kai sun ishe ni.

Masu ta 2007 zuwa sama ku sani faɗin tayoyin gaba ya fi na baya da milimita 95, a rairayi na baya ba sa bin sawun na gaba daidai, wasu suna sa zoben ƙari a baya, in za ka sa ka nemi mai kyau kuma ka dinga duba kusoshi da rulma don nauyin da ke kansu ƙaruwa yake.

Kayan gyara tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 sun yi tsada, wasu ta Lome suke zagayowa wasu daga Kano, kuma jabu ya yi yawa, kwali mai kyau ciki shara. Filta da bel na taimin musamman, shi bel kilomita 100,000 nake canza shi da tandarsa mai tsuke shi ko fitilar ba ta kama ba, don in ya tsinke pistan da bawul haɗuwa suke. Irin waɗannan ni da kaina nake saye wajen wanda na sani in kai gareji in tsaya a buɗe kwalin a gabana. Abin da ke gabana yanzu ambiriyaj ne da giris na gwiwoyin gaba da suka fara zubo da baƙi-baƙi, Baba ya ce in kawo ta bayan kasuwar Alhamis, kuma na riga na gaya masa a wannan karon sai ya cire min ganye ɗaya a lam na baya mu ga ko za ta yi laushi ba tare da ta zauna ba.