Ciwon daji a fatar ido: man shafawa ko tiyata, wanne za a ɗauka?

Jama'a, duk wanda likita ya ce masa ƙurjin nan na gefen idonsa kansa ne, wato ciwon daji, abu na farko da yake tambaya shi ne ko akwai man da zai shafa ya huta da wuƙa. Akwai, kuma magani ne na gaske, amma ba kowace kansa yake ci ba, kuma a kusa da ido ma'aikatan lafiya suna taka tsantsan da shi sosai. Ni dai tun daga farko in faɗi inda na tsaya, in dai ciwon yana kan fatar ido ne ko a lungun nan da ke tsakanin ido da hanci, tiyata na zaɓa, man kuma sai in likitan ido da kansa ya ce ga dalili.

Kafin a yi maganar zaɓi dole a san wane iri ne, kuma ido ba ya rarrabewa, sai an ɗan yanki nama an kai ɗakin gwaji. Wanda ya fi kama fatar ido a duniya shi ne wanda suke kira basal, yawanci a fatar ƙasa yake fitowa, yana cin wurin a hankali amma da wuya ya yi tsalle zuwa wani sashe na jiki. Na biyu sikwamos, shi ne ya fi addabar 'yan uwanmu zabiya a nan Afirka saboda rana, kuma shi yana iya bi ta kaluluwa ya sauka gaban kunne da wuya. Akwai kuma wani mugu na maiƙon fatar ido da yake zuwa kamar hazbiya, a matse ta koma, a matse ta koma wuri ɗaya, har gashin ido ya zube. Duk cikin waɗannan, basal ɗin da ke shimfiɗe a saman fata kawai da kuma tabon rana da bai riga ya nutse ba su ne man yake da hurumi a kansu.

Mayukan da likitoci suke rubutawa biyu ne. Na farko imikwimod mai ƙarfin kashi 5, wanda aka fi sani da Aldara, yana zuwa a 'yan ƙananan sacet, kowanne na shafawa ɗaya. Shi ba ƙona ciwon yake ba, garkuwar jiki yake tasowa ta zo ta yaƙe shi. A Amurka tun 1997 ake amfani da shi, amma sai 2004 aka amince da shi don basal na saman fata. Ana shafawa da dare kwana 5 a mako har mako 6, a bar shi kamar awa 8 a wanke da safe, sannan bayan an gama a jira kusan mako 12 likita ya duba ko ya ci. Wurin zai yi ja, ya kumbura, ya yi ɓawo har ya yi ruwa, wasu ma su ji kamar zazzaɓin mura, kuma a baƙar fata irin tamu yana iya barin tabo mai haske da ba ya komawa. Abin da mutane ba sa karantawa a takardar maganin shi ne, su kansu masu yin sa sun rubuta cewa ba a gwada shi kan basal da ke cikin santimita 1 daga fatar ido ba. Likitocin ido suna ba da shi a wurin wani lokaci, ga tsohon da jikinsa ba zai ɗauki aiki ba ko wanda ya ƙi tiyata ƙememe, amma suna ganinsa akai akai don idon kan yi ja ya yi raɗaɗi. In man ya zama dole to wannan zan ɗauka.

Na biyun 5-FU ne, Efudix, sau biyu a rana na wasu makonni, a gwajin da aka yi a Holan bai kai imikwimod ba, kuma mai ciki ba ta taɓa shi. Daskarar da ciwon da sanyi ba na ba kowa shawara a kansa don ba a ganin iyakar abin da aka kashe. Gashi kuma, wato kashe ciwon da hasken inji, akwai injinsa a asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee nan Kumasi da asibitin Korle Bu a Ankara babban birnin Ghana, na wanda ba zai yiwu a yi masa aiki ba ne ko ciwon ya yi nisa.

Toh ga dalilin da ya sa nake bayan tiyata. A wani gwaji a Birtaniya an raba marasa lafiya gida biyu, wasu imikwimod wasu wuƙa, sakamakon ya fito a 2014, bayan shekara 3 man ya warkar da kusan kashi 84, tiyata kashi 98. Kuma fa waɗannan ciwuka ne masu sauƙi a wuraren da ba su da haɗari, ba a bakin ido ba. Amma ni ba lissafin ne ma ya fi damuna ba. In aka yanke, naman yana zuwa ɗakin gwaji, a duba gefe da gefe da ƙasansa, a ba ka takarda cewa an cire duka ko saura. Man shafawa ba ya ba ka wannan takardar, saman zai iya warkewa sumul alhali saiwar tana ƙasa tana tafiya, kamar katakon da gara ta ci aka shafe da fenti. A baya ko a ƙirji in ya dawo sai a sake yanka, fata tana da yawa a can, amma a lungun ido hanyar hawaye tana nan, kuma daga nan ciwon yana iya zurawa cikin kogon ido, wanda in ya kai can wani lokaci idon gaba ɗaya ake cirewa. Akwai salon da Frederic Mohs ya fara a Amurka a shekarun 1930, ana yanka siriri siriri ana dubawa nan take har a kai nama mai lafiya, shi ya fi barin fata mai kyau, amma ko ba shi ba, yanka na yau da kullum da aka duba gefensa a ɗakin gwaji aiki ne mai kyau. Tsoron da mutane suke yi na lalacewar fuska ma, ƙaramin ciwo allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin, a ɗinke, fatar ido kuma tana da saurin haɗewa. Wanda ya yi ta jinkiri shi ne yake ƙarewa da babban faci.

Yanzu bari in zo inda zuciyata take tafasa. Yayata zabiya ce, ɗan gyambo ya fito mata ƙasan ido yana ɓawo yana jini in ta yi alwala ta goge fuska. Wani mai shagon magani ya kalle ta ya ce Hajiya ai wannan ƙaramin abu ne, ya ba ta wani tub, ta shafa jan ya kwanta ƙaiƙayi ya tafi, kowa a gida ya ce alhamdulillahi. Ashe sitiroyid ne mai ƙarfi, kumburi kawai ya danne, ciwon yana nan yana faɗaɗa. Lokacin da muka isa asibiti likita ya ce mata Hajiya da kin zo da wuri da ɗinki kaɗan ne, sai da aka ɗebo fata daga bayan kunnenta aka rufe wurin. Tana nan lafiya yanzu, amma wahalar da ta sha ba dole ba ce.

Don haka dan Allah ku kiyayi duk tub ɗin da aka ce yana maganin komai, ƙyasbi da ƙuraje da tabo da kansa. Da yawa daga irin su sitiroyid ne a ciki kamar kilobetasol, irin wanda ake zubawa a man bilicin, kuma in aka daɗe ana shafa shi kusa da ido yana jawo hawan jinin ido da yana, ga sirantar da fata. Ku kiyayi baƙin man nan da ake tallarsa a WhatsApp da TikTok wai yana zaƙulo kansa daga saiwa, abin da ke ciki mai ƙona nama ne, yana cin mai lafiya da marar lafiya tare, hukumar magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kansa, kuma ramin da yake bari ba shaida ba ne cewa ciwon ya fita. Masu wa'azin magani a cikin mota da masu baza kwalabe a kasuwar Kejetia, ko sun rantse, ba a ba su ido. Haka masu cewa a ɗaure ƙurjin da zare ko a ɗiga masa ruwan batir ko a ƙona da ƙarfe, wallahi ana yi, na gani a unguwar Aboabo. Ni ban raina maganin gargajiya ba, tofi da addu'a a yi su, amma a yi su a hanyar asibiti.

Ko Aldara ɗin na gaske ma, in ba gwaji ba takardar likita, haɗari ne. Magani ne da sai da takarda, a famasi mai lasisi ake sayensa, ba a ƙaramin kemis na unguwa ba kuma ba a hannun mai cewa ɗan uwansa ya aiko daga Jamus ba. A duba lambar rajistar FDA, wato hukumar magunguna ta Ghana, ranar ƙarewa, lambar rukuni ta kwali ta yi daidai da ta sacet, kuma kar a karɓi wanda aka juye a wata 'yar roba. Ragowar na wani ma kar a ara, ciwonku ba ɗaya ba ne.

In likita ya ce man za a yi, a tambaye shi wane iri gwajin ya nuna, me ya sa ba za a yanke ba, iya ina za a shafa, me za a yi in ya shiga ido, da ranar dawowa. Gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, ko yana jini, ko gashin ido ya zube a wurin, a tafi sashen ido ko na fata da katin asibiti, musamman zabiya da masu ɗauke da cutar HIV. Zabiya kuma ko an warke, hula mai faɗi da tabarau mai tare rana da man kariya kullum, sannan a riƙa komawa ana duba sauran fuska da kunne da wuya don wanda ya yi ɗaya yana iya yin na biyu.