Raket, takalmi ko koci: ina ɗan badminton a Legas zai fara sa kuɗinsa?

Duk wanda ya daɗe yana buga badminton don nishaɗi ya san wannan matakin. Shekara biyu ko uku kana zuwa fili kowace Asabar, amma hannunka na nan inda yake. Ka ɗaga ƙwallo daga baya ta mutu a tsakiyar fili, abokin karawa ya sauke maka ita a ƙafa. Nan take zuciya sai ta ɗora wa raket laifi. Cikin 'yan'uwan da muke wasa tare, masu zuwa daga Agege, Idi-Araba da Mile 12, da wuya a yi wata guda wani bai tambaye ni wane raket zai saya ba.

Ni ma ta nan na bi. Na tara kuɗi na sayi raket mai nauyin kai, na sa aka ɗaure zarensa a fam 27 (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan) don na ji haka manyan 'yan wasa ke yi. Ba a yi wata ba gwiwar hannuna ta fara zogi, har ɗaukar buta sai da dabara. Wata rana wani dattijo da muke kira Kawu ya tsayar da wasa, ya kama hannuna ya duba. Ya ce, "Ɗana, ai kai ludayi ka riƙe." Ya juya raket ɗin gefensa ya kalli ƙasa, ya ce in kama mariƙin kamar muna musabaha, babban yatsa da manuni su yi 'yar kusurwa a samansa. Ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya har raket ɗin ya fara lilo a tafina. "Haka za ka bar shi sako-sako. Sai ƙwallo ta zo ka matse." In dukan bayan hannu ne, babban yatsa ya kwanta a faffaɗan gefen mariƙin ya tura. Mako uku na yi ina barar da ƙwallaye kafin hannu ya karɓa, amma daga nan na fara kai ƙwallo layin baya ba tare da na yi nishi ba.

Shi ya sa a wurina kuɗin farko na mai koyarwa ne. Ba sai ka ɗauki koci na shekara ba. Zama huɗu ko biyar da wanda ya san aikinsa sun isa ya nuna maka abin da kai ba za ka taɓa gani a jikinka ba: kana tsayawa ƙafa a shimfiɗe maimakon ɗan tsallen shiri lokacin da abokin karawa zai buga, kana bugawa ka tsaya kallo ba ka koma tsakiya, kana jiran ƙwallo ta sauko daidai fuska alhali a can sama ake tarar ta. Ku haɗu ku uku ku raba kuɗin, ya fi sauƙi. Masu koyarwa kuwa ana samunsu a Surulere, wajen Babban Filin Wasa na Ƙasa da na Teslim Balogun. Garin nan ne ya fitar da Anuoluwapo Opeyori, wanda ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Tokyo da na Paris a 2024, don haka masana ba su yi ƙaranci ba. Bidiyon YouTube na da amfani, sai dai ba ya ganin hannunka. In aljihu bai kai ba, jingina waya a gefen fili ka ɗauki kanka, ka kwatanta da abin da ka kalla.

Bayan koci sai takalmi, kuma a nan ba na sassauci. Filin yana da tsawon mita 13.4 da faɗin mita 6.1 a wasan bibbiyu, kuma yawancin motsin cikinsa gefe-gefe ne da durƙuson gaba. Kambas ɗin gudu an yi shi don tafiya gaba, dunduniyarsa doguwa ce, shi ke jawo targaɗe. Na badminton tafinsa gajere ne, na roba mai kama daɓe, gefensa na riƙe ƙafa. Wanda ba ya yarda da takalminsa ba zai taɓa miƙa ƙafa yadda ya kamata ba, kullum da hannu zai riƙa miƙo ƙwallo, kuma daga nan mugun sabo ke samo asali. Mai wasa a kan siminti ya nemi mai kaurin ciki saboda gwiwa.

To, raket fa? Duba 'yar rubutun da ke kusa da mariƙi. 3U na nufin nauyin giram 85 zuwa 89, 4U kuwa 80 zuwa 84. G4 da G5 kaurin mariƙi ne, G5 ya fi siriri, kuma gara siririn, don kana iya naɗa masa tef ya yi kauri amma mai kauri ba ya raguwa. A kayan kamfanin Yonex, jerin Astrox nauyinsa na kai, Nanoflare kansa sakayau ne, Arcsaber na tsaka-tsaki. Li-Ning da Victor ma suna da irin wannan rabon. Mai gyaran hannu ya ɗauki 4U na tsaka-tsaki mai sanda mai lanƙwasa. Mai nauyin kai yana da daɗin duka, amma yana ɓoye kuskure: nauyinsa ke kai ƙwallo, kai kuma ka ci gaba da wurga kafaɗa gaba ɗaya. Raket ɗin ƙarfe da ake sayarwa bibbiyu a jaka ɗaya na wasan yara ne a tsakar gida. Jabu kuma ya cika gari. In aka sa maka babban suna a farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ajiye musu kayansu. Ƙaramin samfuri na gaske ya fi babba na jabu nesa ba kusa ba.

Zare ya fi raket tasiri a hannun mai koyo, kuma ya fi arha. Ɗauri tsakanin fam 20 zuwa 23 yana ba da faɗin wurin duka, ƙwallo na tafiya ko ba ka same ta daidai tsakiya ba. Daga 26 zuwa sama sai mai saitin hannu. Zaren BG65 mai kaurin milimita 0.70 ya fi jure wahala, siraran sun fi ƙara mai daɗi amma suna saurin tsinkewa. Kada ka bar raket a but ɗin mota yana shan zafi cikin cunkoson Ikorodu Road, ɗaurin na saki. Tef ɗin mariƙi kuma ka riƙa sauya shi akai-akai, domin gumin Legas na sa shi santsi, santsi kuma shi ke sa mutum damƙe raket da ƙarfi, wato dai sabon da Kawu ya sha wahalar raba ni da shi.

Saura ƙwallo. Ta gashi, mai fuka-fuki 16 na dinya ko agwagwa, tana tashi da sauri ta faɗo kusan a tsaye, ita ke koya wa hannu taushi a bakin raga. Tsadarta ce matsala, don wasa ɗaya mai zafi na iya cin biyu ko uku, ko da yake danshin Legas na taimaka mata, ba kamar hunturun Kano da ke busar da gashin ya riƙa karyewa ba. Ta roba irin Mavis 350 tana daɗewa sosai. A zafin nan nemi mai koren zobe, ita ce mai jinkiri, mai jan zobe za ta riƙa wuce layi. Mu abin da muka tsayar shi ne ta roba a wasannin tsakiyar mako, ranar Asabar kuma kowa ya kawo karo-karo a sayi kwali ɗaya na gashi, a fara da rabin awa na ɗaga ƙwallo daga layin baya zuwa layin baya kafin a soma ƙirga maki.