Makirfon bawul da na haɗa da hannuna, bayan wata takwas ina aiki da shi

Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da faɗa kawai za ku karanta. Shi ya sa na bari sai da na yi wata takwas ina ɗaukar murya da shi, zuciya ta huce, kunne ya saba.

Kayan haɗi na saya, irin waɗanda ake aiko maka a warwatse ka zauna ka liƙa da kanka: gangar jikin makirfo ta ƙarfe, kan ɗaukar sauti mai faɗin milimita 34, bawul ɗaya samfurin 12AY7, ƙaramar taransifomar fitar da sauti, fanel biyu da ake liƙa ƙananan kayan a kansu, kebur mai fil bakwai, sai akwatin wuta da kayan cikinsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai ƙorafi a maganata, kuma wani ɓangare na laifin nawa ne.

Ga wanda bai taɓa riƙe bawul ba, 'yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, ita ce ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin taransisto ya zo ya ture ta. Masu kayan sun ce sun bi tsarin C12, makirfon da kamfanin AKG ya fitar a birnin Biyana a 1953, wanda ke aiki da bawul 6072, 'yar uwar 12AY7 ɗin nan. A takarda kam sun yi gaskiya, domin sakit ɗin ba shi da yawa. Rabin bawul ɗaya (sashe biyu ne a cikin kwalbar), rizista masu rage gudun wuta kaɗan, kafasita masu ajiye wuta kaɗan, sai taransifoma. Cikin yini guda na gama liƙa na cikin makirfon, har ina raina aikin. Ashe ba a nan gizo yake saƙa ba.

Akwatin wutar ne ya cinye mini mako uku, kuma shi ne aka ba wa shafi biyu kacal a littafin bayanin, alhali an ɓata shafuka ana nuna yadda za ka ɗaure kusoshin gangar jiki.

Mutane kan tambaye ni me ya sa sai da akwati daban, ba ga wutar bolt 48 da mikisa ke turawa ta kebur ba. Amsar tana cikin lissafi. Wancan tsarin bai wuce miliamfa 10 ba, shi kuwa zaren da ke dumama bawul ɗin kaɗai miliamfa 300 yake sha a bolt 6.3. Ga kuma farantin bawul, inda sigina ke fita, yana son wajen bolt 120, duk da abin da yake ja bai kai miliamfa ɗaya ba. Sannan kan makirfon yana son bolt 60 nasa. Wuta iri uku ke nan, kuma kowacce dole ta fito a tace, don duk wata 'yar rawa da ta rage a cikinta bawul zai ɗauka ya ƙara mata ƙarfi tare da muryarka.

Ranar da na fara kunnawa, bawul bai ko yi ja ba. Na ɗora mita a layin zaren dumama, sifili. Na taɓa LM317, ɗan abin da ke daidaita wutar zaren, na janye yatsa da sauri don zafi. Sai da na koma takardar bayaninsa na tuna cewa kunnen ƙarfen da ke bayansa a haɗe yake da ƙafar fitar wuta. Ni kuwa na ɗaure shi kai tsaye a jikin akwati don ya sha iska, wato na zubar da wutar gaba ɗaya a ƙasa. Na koma ledar kaya na tarar da 'yar takardar maika da wani ɗan zoben roba da na ɗauka rarar kaya ne. Su ne ke raba shi da jikin akwatin. Babu layi ɗaya a littafin da ya ambace su. Allah ya taimaka abin yana da kariyar zafi a cikinsa, bai ƙone ba.

Bayan wannan sai ƙugi. Ba mai ƙarfi ba, amma da ka yi shiru yana nan ƙarƙashi, muuu, kamar firji a ɗakin maƙwabta. Na ɗauki shirun ɗaki na minti ɗaya na buɗe a kwamfuta, sai ga tsini a kan kaɗawa 100 a daƙiƙa. Wannan lamba ita ta faɗa mini inda ɓarawon yake. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, to in ƙugin a 50 yake, ka nemi matsalar wayar ƙasa ko taransifoma da ta matso kusa da wayar sauti. In a 100 yake, ragowar rawa ce bayan dayod huɗu sun miƙar da wutar, ma'ana tacewa ce ta gaza. Matakin tacewa biyu kawai suka sa a layin bolt 120. Na ƙara na uku, rizista mai om dubu 10 da kafasita mai maikurofarad 100. A lissafi wannan kaɗai yana rage rawar fiye da sau 600. Wutar ta ɗan sauka, na murɗa ɗan abin saiti na mayar da ita 120, ƙugi ya tafi bai dawo ba. Kaya biyu ƙanana, da sun sa su tun farko da ba a yi wannan doguwar tafiya ba.

Abin da ban yafe musu ba shi ne rashin rizistar sauke wuta. Na kashe akwatin, na zare filogi, na je na dawo, na kai hannu zan gyara wata waya, sai ji na yi an fizge ni har gwiwar hannu. Da na auna, har lokacin akwai sama da bolt 100 kwance a cikin kafasitocin. Na liƙa rizista mai om dubu 220 tsakanin layin da ƙasa, yanzu cikin 'yan mintuna wutar ke tsiyayewa, kuma duk da haka ba na sa hannu sai na ɗora mita na gani da idona. Duk wanda zai haɗa irin wannan akwati ya fara da wannan, ya tabbatar akwai fiyus, ya kuma ɗaure wayar ƙasa ta filogi a jikin akwatin da kusa tata ita kaɗai.

Wani ƙaramin abu: sun ce ka saita bolt 6.3 a akwati. A'a, a ƙafafun bawul ake aunawa, makirfo na jone, domin kebur ɗin na cin nasa rabon. Nawa da na auna a can 5.9 na samu. Ba wani bala'i ba ne, makirfon U47 na kamfanin Neumann ma da gangan aka rage wa zaren bawul ɗinsa VF14 wuta zuwa wajen bolt 36, daga layi guda na bolt 105 da ke ciyar da komai. Amma gara ka san abin da ke isa wurin da a ce kana zato.

Na kuma ɓata dare guda ina neman bolt 60 na kan makirfo, mita na nuna mini abin da bai taka kara ya karya ba. Babu abin da ya lalace. Mitar kanta om miliyan 10 ce a ciki, ni kuwa ina aunawa a bayan rizista mai ɗaruruwan miliyoyi, mitar ce ke janye wutar. Kafin babbar rizistar ake aunawa.

Yanzu sai cikin makirfon. Akwai wuri ɗaya da wayar kan makirfo, ragar bawul da sigina ke shiga ta nan da rizista mai om biliyan ɗaya suke haɗuwa. Wannan mahaɗa ba ta son datti ko kaɗan. Dole rizistar ta yi girma haka saboda kan makirfon kafasita ce 'yar mitsitsiya, 'yan gomomin fikofarad, in ka rage rizistar sai kaurin murya ya zube. To a irin wannan tsauri, zanen yatsa ko ragowar man liƙi ma hanya ce ga wuta. Duk ranar da iska ta yi laima sai in ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Na ɗaga mahaɗar daga fanel na ɗora ta a kan ɗan fil na tefulon, na wanke wurin da sifirit mai ƙarfi, na bar shi ya bushe kwana ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara taɓa wurin da hannu ba sai da hantsaki. A nan littafin ya yi gargaɗi, ni ne na yi gaggawa.

Ƙorafina na biyu a kan sauti ne. Haruffa irin su s da sh da ts suna fita da kaifi har su soki kunne. Na kalli kan makirfon da gilashin ƙara girma, tantanin nan mai ruwan zinare da bai fi maikuron 6 kauri ba, sai ga 'yar kusa a tsakiyarsa da waya a jiki. Wannan ƙirar K67 ce, kan makirfon U67 na Neumann. Na asalin C12 daga gefe ake jona shi, tsakiyarsa fili ne. K67 da gangan aka yi shi yana ɗaga sautin sama, kuma a U67 na 1960 sakit ɗin ne ke mayar da shi daidai. Sakit irin na C12 ba ya rage komai, abin da aka ba shi yake miƙawa. An ɗora hular wani a kan wani ke nan. Na sa 'yar ƙaramar kafasita daga farantin bawul zuwa ƙasa, na gwada uku kafin kunnena ya yarda da ɗaya. Ya yi sauƙi sosai, ko da yake na san faci ne.

To bayan duk wannan, yaya yake? Yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Na jera shi da makirfona na taransisto na sa mutum ɗaya ya karanta shafi guda. Idan mai karatu ya ɗaga murya, na taransisto sai ya yi tauri, wannan kuwa sai ya lanƙwasa a hankali, muryar ta cika ba ta fashe ba. Jita ma ta yi masa kyau. Amma bambancin bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma shuu ɗinsa ya ɗan fi na wancan, in ka saurara da kyau a wurin da aka yi shiru. Bawul ɗin da ya zo da kayan in ka ƙwanƙwasa jikin makirfo sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Sai a na uku da na gwada na samu mai natsuwa.

Maɓallin zaɓen fuska mai matsayi tara yana aiki lafiya. Yana canza wutar tantanin baya daga sifili zuwa 120: a sifili yana ji ta ko'ina, a 60 ta gaba kawai, a 120 gaba da baya ban da gefe. Biyu nake amfani da su. In ka murɗa, ka rage sauti ka jira 'yan daƙiƙu. Gangar jikin da taransifomar fitar sauti ba ni da abin cewa a kansu, masu kyau ne.

Wanda ya saba karanta zanen sakit, ya san abin da kafasita mai bolt 250 za ta iya yi masa, zai ji daɗin kayan nan. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba kada ya fara da su, ya nemi abin da ke aiki da batir tukuna. Kuma in kana son ka jona ka fara ɗauka nan take, wannan ba naka ba ne: sai ka jona kebur kafin ka kunna akwati, ka ba shi minti ashirin ya dumama, in ka gama ka kashe ka jira kafin ka zare. Ni a kife nake rataye shi don zafin bawul ya hau sama ya bar tantanin. Na riga na sayi kai mai jonin gefe, yana cikin aljihun tebur wata biyu ke nan, kullum in na ɗauko sukundireba sai in tuna da wannan mahaɗar ta om biliyan ɗaya da yanzu ta yi tsit, in mayar.