Kafin ka biya kuɗin mazubi: ta wace hanya za ka ƙera kashin farko na kayanka?

Da zarar kamfen ɗin tara kuɗi ya rufe a Kickstarter ko Indiegogo, shafukan intanet da jama'a ke biyan kuɗin kaya tun kafin a ƙera su, bashi ya hau kanka. Jama'a sun biya, suna jiran kaya, kai kuma samfuri ɗaya ne a hannunka da za ka mayar da shi dubu biyu ko biyar, duk iri ɗaya. Galibin ƙananan kayan da mutum ke ƙirƙira shi kaɗai jikinsu na roba ne, shi ya sa zan tsaya a kan yadda za a ƙera jikin.

Na'urar 3D, mai gina abu layi bisa layi daga zanen kwamfuta, ta samfuri ce. Tana da sauri, amma fatar abin kan fito da layi-layi, kuma kuɗin guda na ɗari daidai yake da na farko. Mazubin silikon, wato kwarmi mai siffar kayan da ake zuba roba a ciki, yana fitar da kaya mai sheƙi, sai dai bayan zubi ashirin zuwa ashirin da biyar ya gaji. Sassaƙa da injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ya dace da jikin ƙarfe, ga mai kuɗin biya. Mazubin ƙarfe mai tauri kuwa, wanda zai iya zubi dubu ɗaruruwa, na wanda ya riga ya tabbatar da kasuwarsa ne.

Ni dai zaɓina mazubin alminiyam, wanda ake narka roba a tura ta ciki da ƙarfin inji. Alminiyam ya fi ƙarfe laushi, saboda haka sassaƙa shi ya fi sauri, ya fi araha, kuma yana saurin sakin zafi, robar ta daskare da wuri. Yana ɗaukar zubi dubbai, wanda ya ishi kamfen na farko har da ragi. Babban abin da ya sa nake son sa shi ne gyara. Da wuya zubin gwaji na farko, wanda masana'antu ke kira T1, ya fito daidai: murfi ya ƙi zama, ramin noti ya kauce, ko gefe ya lotsa saboda kaurin bango bai daidaita ba. Ka riƙe wannan ƙa'ida tun wajen zane: rage ƙarfe daga mazubi abu ne mai sauƙi, mayar da shi kuwa wahala ne. Duk inda kake shakka, ka sa a bar ƙarfen da ɗan yawa, daga baya a kankare. Ka kuma bar wa kowane bango ɗan karkata, digiri 1 ko 2, don abin ya fita daga mazubi ba tare da ya kurje ba. Robar da ke ɗauke da zaren gilashi tana cin alminiyam da sauri, a nan kam gara ƙarfe.

Amma ko da wane ƙarfe aka yi shi, tambayar da ta fi damuna ita ce: mazubin na waye? Wata masana'anta ta taɓa riƙe mini mazubin da na biya kuɗinsa cif. Da na nemi ɗauke shi zuwa wani wuri, sai suka ce kuɗin aikin sassaƙa na biya, ƙarfen nasu ne. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa mazubin da zanensa mallakarka ne, za ka iya ɗauke shi duk ranar da ka so, kuma an zana sunanka a jikinsa. In a Sin za a yi aikin, yarjejeniyar ta kasance cikin Sinanci, da jan hatimin kamfanin, ta hana su amfani da zanenka, ko nuna shi, ko zagaye ka su sayar da kansu.

Masu kwaikwayo ba sa jira. Fidget Cube, wani ƙaramin abin wasa na hannu, ya tara sama da dala miliyan 6 a Kickstarter a 2016, amma jabunsa sun cika kasuwa kafin mutane da yawa da suka biya su karɓi na gaske. Sin tana ba da alamar kasuwanci ga wanda ya fara yin rajista, ba ruwanta da wanda ya fara amfani da sunan. Ka yi rajista a can tun kafin hoton kayanka ya fita.

Sai dillalai masu shigar burtu. Da yawan masu kiran kansu masana'anta a Alibaba, kasuwar sari ta intanet, ofis kawai gare su. Ka nemi lasisin kasuwancinsu ka ga ko ƙira na cikin abin da aka ba su izini, ka sa su zaga da kai cikin injina ta bidiyo kai tsaye. Takardar CE ko FCC da suka turo, wato shaidar cika ƙa'idojin Turai ko Amurka, ka duba ko lambar kayan da ke jiki taka ce, sannan ka tuntuɓi ɗakin gwajin da aka ce ya bayar. In saƙo ya zo cewa sun canza asusun banki, kada ka tura ko sisi sai ka kira lambar da ka saba kira, domin ɓarayi na kutsawa cikin imel su jira ranar biya.

Akwai kuma sauya kaya a ɓoye: samfurin da ka amince da shi na sabuwar roba ne, kashin da aka ɗora maka an gauraya shi da wadda aka sake niƙawa. Ka sa hannu a samfuri biyu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsu. Tsarin biyan da aka saba shi ne kashi 30 cikin ɗari a gaba, 70 kafin lodi, to kada 70 ɗin nan ya fita sai mai dubawa daga waje, irin SGS, Intertek ko Bureau Veritas, ya buɗe kwalaye ya gwada. Coolest Cooler, wani akwatin sanyaya abin sha, ya tara sama da dala miliyan 13 a 2014, ya rufe a 2019 da dubban mutane ba su samu kayansu ba, don kuɗin ƙira da na aikawa sun zarce lissafi. Ka sa kuɗin dubawa, da na gyaran mazubi sau biyu, cikin farashin da za ka faɗa wa jama'a. Wajen alkawarin rana kuma ka tuna masana'antun Sin na rufewa makonni a Janairu ko Fabrairu saboda sabuwar shekararsu, kuma ba duk ma'aikata ke komawa bayan hutun ba.