Crescent ko Thor's Helmet: wanne ya fi sauƙin ɗauka daga Kano?

Malam, ka ce kana da Seestar S50, ƙaramar na'urar hangen nesa mai ɗaukar hoton taurari, da saman bene a cikin gari, kana tambayar wanne za ka fara ɗaukar hotonsa tsakanin Crescent, mai lamba NGC 6888 a kundin masana taurari, da Thor's Helmet, mai lamba NGC 2359. Fara da Crescent.

Asalinsu ɗaya. Kowanne gajimaren iskar gas ne da ya kewaye wani ƙaton tauraro mai tsananin zafi, irin waɗanda ake kira Wolf-Rayet, da ke feso jikinsa waje kafin ya tarwatse. A Crescent tauraron shi ne WR 136: iskar da yake turowa yanzu da gudu ce ta cim ma wadda ya fitar tun da daɗewa, karon da suka yi ya haifar da ɓawon da muke gani. William Herschel ne ya gano su duka, Helmet a 1785, Crescent a 1792. Tsayinsu a samanmu ma kusan ɗaya ne, digiri 65 ko kusa da haka in sun kai ƙololuwa.

Inda suka rabu shi ne lokaci. Helmet na hunturu ne, yana tsakar sama da tsakar dare a watan Janairu, kusa da tauraron Sirius. To ka san samanmu a lokacin. Hazo ya sauka, fitilun sola na kan titi su haske ƙurar, sama ta yi jawur. Ko an ɗauke wuta ba ta canza zani. Ga shi ya fi nisa, ya haura shekarun haske 10,000, yayin da Crescent ke wajen 5,000. A idon gilashinka mai faɗin milimita 50, siffar hular kwano da ta ba shi sunan Helmet za ta fito, amma ƙahoni biyu da ke gefenta sai ka tara hotuna na sa'o'i.

Crescent kuwa na damina ne, hadari kan rufe shi, sai dai daren da aka yi ruwa sama ta wanku, babu kamarsa. Jan haskensa na haidurojin yana da ƙarfi, matatar haske da ke cikin na'urarka tana kama shi da wuri. Shuɗin lulluɓin iskar oksijin da ke bayansa ne mai wuya, kada ka sa rai da shi a daren farko.

Ni dai Oktoba nake jira, ruwa ya ɗauke, hazo bai iso ba. Ka zaɓi daren da babu farin wata. Bayan sallar isha'i Crescent na nan sama, ya ɗan karkata yamma, ka ba shi awa biyu ko uku. Helmet kuma yakan hau sama sosai dab da asuba, don haka in cajin batirinka zai kai, dare ɗaya ya ishe ka ka gwada su duka.