Amazon KDP a Ma'auni: Abin da Marubucin Labari Ke Samu da Abin da Ke Zirare Masa

Marubucin da ya taɓa buga kwafi dubu a maɗaba'a, ya raba wa masu shagunan littattafai bashi, ya kuma shafe shekara yana bin sawun kuɗinsa, idan aka ba shi labarin KDP sai ya ɗauka kakarsa ce ta yanke saƙa. KDP shi ne sashen kamfanin Amazon da marubuci ke ɗora littafinsa da kansa, ba tare da ya bi ta hannun kamfanin ɗab'i ba. An buɗe shi a 2007, shekarar da Kindle, na'urar Amazon ta karanta littattafai, ta fara fitowa. Buɗe asusu kyauta ne, ɗora littafi kyauta ne, haƙƙin mallaka kuma yana nan a hannun mai shi. Duk wannan haka yake. Sai dai mai niyyar cin abinci da alƙalaminsa yana bukatar ya zauna da lissafi kafin ya yi murna.

Maganar harshe ce ta farko, kuma ita ce mai ciwo. KDP yana da jerin harsunan da yake karɓa, Hausa ba ta ciki. Akwai Turanci da Faransanci, akwai Larabci, akwai Afirkans na Afirka ta Kudu, har da wasu harsunan Turai da masu jin su ba su kai mutanen unguwa ɗaya a Kano ba. Wasu kan yi dabara su zaɓi Turanci a gurbin harshe, su ɗora labarin Hausa a haka. Littafin yana iya wucewa, amma ya saɓa ƙa'ida, kuma ana iya sauke shi duk ranar da aka ankara. Ko bai sauka ba, masu karatun Turanci za a riƙa nuna wa shi, mutanen da ba su da abin yi da shi. Saboda haka sauran bayanin nan ya fi shafar wanda ke rubutu da Turanci ko Faransanci, ko wanda aka fassara masa littafinsa fassara mai kyau.

Aikin ɗorawa ba shi da wuya. Ana karɓar fayil ɗin Word ko EPUB (tsarin fayil na littafin da ake karantawa a na'ura), akwai kuma manhajar Kindle Create ta kyauta don tsara babi-babi. Bangon da suka fi so shi ne mai tsawon fiksel 2,560 da faɗin 1,600. Za ka zaɓi rukuni uku da kalmomin nema bakwai, ka rubuta ɗan bayanin da zai jawo mai saye, ka sa farashi. Cikin awa 72 yawanci littafi ya hau. Inda sababbi ke tuntuɓe shi ne tsara rubutu da hannu: buga tazara sau biyar a farkon sakin layi, ko danna maɓallin sauka ƙasa har sai sabon babi ya koma sabon shafi. A Kindle shafi ba shi da tsayayyen girma, mai karatu ne ke zaɓar girman baƙaƙe, don haka duk wannan ƙawar sai ta wargaje. Kan kowane babi a sa masa salon kanu na cikin Word, a raba babi da umarnin sabon shafi, shi ke nan.

Kason marubuci a littafin Kindle iri biyu ne, kashi 35 ko kashi 70. Ba a samun 70 sai farashin ya faɗa tsakanin dala 2.99 da 9.99, kuma sai an fara cire kuɗin isar da fayil, santi 15 a kan kowace megabayit a kasuwar Amurka. Ɗauki labari mai nauyin megabayit ɗaya a kan dala 2.99. A cire santi 15, a ɗauki kashi 70 na saura, ya zama kusan dala 1.99. Daga nan sai harajin Amurka ya shigo: kashi 30 ake zarewa daga cinikin da aka yi a can, idan ƙasar marubuci ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka. Najeriya ba ta da ita, haka Nijar da Gana; a Afirka, Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu ne ke da ita. Ko ka cika takardar harajin tsaf, ba abin da zai ragu. Abin da zai rage maka dala 1.39 ne. Wanda kuma ya karya farashi zuwa santi 99 don ya jawo jama'a, kashi 35 zai samu, bayan haraji kusan santi 24. Sai ya sayar da kwafi shida kafin ya kamo mai sayar da kwafi ɗaya a 2.99.

Akwai wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kashi 70 ɗin ya dogara da inda mai saye yake. Idan ɗan uwanka a Kaduna ya sayi littafin don ya ƙarfafa maka gwiwa, kashi 35 za a lissafa maka, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake biyan 70. Wannan ma sai in katin bankinsa ya yarda ya yi sayayyar waje.

Biyan kuɗi yana zuwa kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki. Na Janairu sai ƙarshen Maris. A nan dole a yaba musu: ba a bin su bashi, ba a jin "dawo gobe", kuma shafin rahoto yana nuna kowane kwafi da kasuwar da aka saye shi. Marubutanmu galibi ta Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, suke karɓa, su ma da nasu cajin wajen juyawa zuwa naira. Mai saye yana da kwana bakwai da zai iya mayar da littafi, idan ya mayar sai a zare kason daga lissafinka.

KDP Select, wani tsari na ganin dama a cikin KDP, shi ne wurin da ake samun faɗi-tashin gaske. Ka shiga, littafinka ya hau Kindle Unlimited, inda masu biyan kuɗin wata ke karatu iya son ransu, kai kuma a biya ka gwargwadon shafukan da aka karanta. Farashin shafi ba tsayayye ba ne, duk wata yake sauyawa, amma ya daɗe yana yawo a ƙasa da rabin santi. Littafi mai shafi 300 da aka karance tas zai kawo dala ɗaya da 'yan kai. Masu dogon labari mai littafi na ɗaya, na biyu, na uku su ne ke cin ribar wannan tsari, domin wanda ya kamu da na farko zai bi sauran. Sharaɗin kuwa mai tsauri ne: tsawon kwana 90 ba za ka sayar ko ka raba littafin ta intanet a wani wuri ba, kuma wa'adin yana sabunta kansa idan ba ka cire alamar sabuntawar a asusunka ba. Wanda labarinsa ke kan Wattpad, dandalin ɗora labarai a intanet, ko yake sakin shi a zauren WhatsApp na masu biya, sai ya sauke shi tukuna. Mu kuwa mun san halin kasuwarmu, ana fitar da littafin kuɗi ya zaga waya-waya ba da sanin mai shi ba. Idan Amazon ya ci karo da irin wannan kwafi, kai za a tambaya.

Littafin takarda kuwa ba a buga shi sai an saya, don haka babu jari, babu kwalaye a ƙarƙashin gado. Kuɗin bugun baƙi da fari a Amurka, ga littafin da ya kai shafi 110, dala ɗaya ne, sannan a ƙara santi 1.2 a kan kowane shafi. Mai shafi 250 zai ci dala 4. Tun Yunin 2025, littafin da farashinsa bai kai dala 9.99 ba kashi 50 ake ba shi maimakon 60. Ka sa 8.99, bayan cire kuɗin bugu santi 50 ne naka. Ka sa 12.99, ka tashi da kusan 3.79 kafin haraji. Suna ba da ISBN, lambar shaidar littafi, kyauta, amma a wurinsu kawai take aiki; mai niyyar bugawa a gida ma gara ya nemi tasa a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Yin odar kwafe don ƙaddamarwa a Kano ko Zariya kuwa ba ya biya, kuɗin jirgi zai cinye ribar. Maɗaba'ar gida ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Laifukan da ke rufe asusu sanannu ne. Mutum ɗaya asusu ɗaya. Mai son sunan alƙalami biyu ko uku zai iya amfani da su duka a cikin asusun guda. Sa 'yan uwa su rubuta yabon ƙarya yana jawo a goge yabon, wani lokaci har da hukunci. Tun 2023 dole ne ka bayyana idan ƙirƙirarriyar basira ce ta samar da rubutun, hoton bango ko fassarar. Wanda ya buɗe odar gaba, wato ya bari a fara sayen littafin kafin ranar fitowarsa, kuma bai kai fayil a kan lokaci ba, ana iya hana shi wannan damar tsawon shekara. Idan matsala ta taso, amsoshin farko na ma'aikatansu kan zo a shirye kamar an kwafo, sai an nace kafin a samu wanda ya karanta ƙorafin da gaske.

Babban abin da KDP ba ya yi shi ne kawo masu karatu. Rumfa ce a kasuwa mai miliyoyin rumfuna, kuma kasuwar ba ta nuna kayanka sai ta ga ana saye. Sabon littafi kan ɗan motsa a makonnin farko, daga nan ya nutse idan ba wani sabo a bayansa ko talla. Tallar Amazon kuwa duk dannawa ake caji, ko an saya ko ba a saya ba, kuma da dala. Shi ya sa wata ɗaya za a ga ciniki ya tashi, na gaba shiru.

Ga mai rubuta jerin labarai da Turanci, wanda zai iya fitar da littafi biyu ko uku a shekara, ya biya mai gyaran rubutu da mai zanen bango, ya kuma jure wata biyu kafin kuɗi su iso, KDP ya cancanci a gwada, musamman don isa ga 'yan Arewa mazauna Ingila da Amurka. Ga marubuciyar Hausa da masu karatunta ke Gusau, Maraɗi ko Kumasi, waɗanda ke tura kuɗi ta banki su karɓi shafuka a waya a ranar, babu abin da zai ƙara mata a yanzu, sai ranar da Hausa ta shiga jerin harsunan.